Yadda Za Ki Ɓata Zumar Ƙanin Mijinki da Daro Ɗaya

Ke da mijinki ya mutu ya bar miki amya da buhunan sukari amma bai bar miki bayani ba, matso kusa. Za a ce miki akwai ranar da ake daina ba ƙudan zuma ruwan sukari kafin sanyi ya sauka. Gaskiya ne, akwai. Ni kuwa zan koya miki yadda za ki wuce wannan rana da wata guda cur, ki ɓata zumar gida biyu, ki sa a kira mutumin kirki mai algus a gaban jama'a, kuma duk da zuciya ɗaya. Na gwada da hannuna bara a nan kan duwatsunmu. Idan kika bi matakan yadda na jera su, babu makawa sai kin samu abin da na samu.

Mataki na 1: Ki auri mutumin da ba ya bayani

Wannan shi ne tushe. Idan naki mai surutu ne, ajiye takardar nan, ba taki ba ce.

Nawa sunansa Tua. Shekara ashirin da shida muna tare, kuma saniyarsa ta fi ni jin muryarsa. Duk kaka ina ganin yana dama sukari a tukunyata, yana zuba wa ƙuda a ƴan faranti cikin amya. Sai wata safiya in ga ya wanke tukunyar ya maido mini. Na taɓa tambayarsa, "Malam, yaya kake sanin ranar dainawa?"

Ya ce, "Ana gani."

Na ce, "Me ake gani?"

Ya ce, "Akwai sauran dambu?"

Iyakar karatun da na samu ke nan. A wata na bakwai, ana tsakar ruwa, ciwon ciki ya kwantar da shi. Kwana ashirin na ƙarshe ko cokali ɗaya na dambun masara bai shiga bakinsa ba. Ina turarawa, ina kawowa, ina mayarwa. Ya tafi ya bar amya goma sha ɗaya a jikin katangar dutse, da buhun sukari uku a saman rufi.

Mataki na 2: Ki ƙulla sharaɗi a gaban shaida mai kaifin tunawa

Ba za ki jira da yawa ba, ƙanin miji zai zo. Nawa Sinh ne, mai amya goma sha shida a can gefen tudu inda rana ba ta daɗewa. Ya zo da Goggo Kia, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa mai amya biyar da baki guda wanda ya fi na ƙudanta harbi.

Sinh ya zauna bakin murhu ya ce, "Matar Yaya, na zo in rage miki wahala. Zan kwashe amyan nan in haɗa da nawa."

Na ce, "Auta, wahalar ce ta aiko ka, ko zumar?"

"Ke fa ko murfin amya ba ki taɓa ɗagawa ba."

"Shekara ashirin da shida ina wanke tukunyar sukarin. Kai kofin da ka sha giya ka taɓa wankewa?"

Goggo Kia tana murza zaren rama a cinya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ku rufe mini baki dukanku. Sua, matar Tua, ta riƙe su har Thoa ta zo ɗanɗano. In ta karɓi zumarta, amya sun zauna nan. In ta ƙi, Sinh ya kwashe. Na ji, bango ya ji."

Thoa ita ce ƴar birnin da ke hawowa kowace shekara ta sayi zumar na'ana'ar dutse ta ƙauyenmu. Harshenta ba ya kuskure, ba ta kuma da kunya.

Ki amince nan take. Kada ki yi tunani. Mai takaba da ta tsaya tunani za ta iya yin abin hankali, kuma ba shi muka zo yi ba.

Mataki na 3: Ki ji amsar gaskiya, ki gyaɗa kai

Sinh yana da girman kai amma ba mugu ba ne. Yana ƙofa zai fita ya juyo.

"Matar Yaya, saurara. Yanzu babu fure, yunwa suke ji, ki ba su kowace yamma a cikin amya. Ki sa ƴan tsinkaye a farantin kada su nutse. Amma ranar da kika ga na'ana'a ta fara kunno shuɗi a tsakanin duwatsu, ki kife faranti. Ko ɗigo. In kin ci gaba, sukarin za su tara a saƙa su rufe shi da kaki, ki ɗauka zuma ce. Abin da aka fara tacewa kuma ba a kai wa Thoa, wankin saƙa ne. Na biyu ake kai mata."

Na ce, "To yayanka da ya faɗi haka da bakinsa zai ɓare?"

Ya yi dariya, sai kuma ya daina, ya fita.

Kin ji dai. Amsar ke nan gaba ɗayanta, babu ƙari. Wadda take son zuma mai kyau ta tsaya nan ta tafi gona. Sauranmu mu ci gaba.

Mataki na 4: Ki tausaya

Sama da wata guda na ciyar da su yadda aka ce. Sun san tafiyata. Da na fito da buta sai katanga ta ɗauki ƙugi. Kuma ki sani, bayan kwana ashirin ina mayar da kwano cike, samun masu cinye abin da na kawo tas ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ga shuɗi a bayan turken saniya, farkon wata na tara. Na kife faranti goma sha ɗaya, na wanke tukunya, na ji kamar na iya.

Washegari ƙuda uku suka shigo madafa. Suka zagaya tukunyar, suka sauka a bakin buta, suka lasa, ba komai. Ɗaya ya hau bayan hannuna yana tafiya.

A nan ne za ki nuna ke ƴar gidan mutunci ce. Ki ce wa kanki: wa ake yanke wa abinci rana ɗaya? Ko mamaci ba a yi masa haka. A danginmu, in an binne mutum, safiya uku ake kai masa kalaci. Ta farko har bakin kabari. Ta biyu a ajiye a rabin hanya. Ta uku a bayan gari kawai, yadda zai gane cewa daga yau sai dai ya nemi nasa a inda yake. Haka na yi wa Tua, kuma bai dawo ya yi ƙorafi ba. To in mutumin da ya mutu ana janye masa kwano a hankali, mai rai da fiffike fa?

Wannan dabara tawa ce ni kaɗai. Na ji daɗinta ƙwarai. Duk shawarar da ta zo miki kina tsaye ke kaɗai a madafa da safe, ki riƙe ta da kyau, kada ki bari kowa ya ji balle ya gyara miki.

Mataki na 5: Ki janye daron zuwa inda ba a zuwa

Ki dama sukari a jarka, ki sa a kwandon goyo, ki rufe da ciyawar saniya. Ki ɗauki daron wanka.

Safiyar farko na ajiye daron kusa da katanga. Ta biyu na matsa da shi bakin gonar masara. Ta uku na bi hanyar maƙabarta har wani faffaɗan dutse mai lungu a bayansa, na ajiye a lungun, na watsa tsinkaye a kai.

Wuri ne mai kyau. Babu mai bin hanyar sai da dalili, mai dalilin kuma ba ya waige-waige. Idan kika hau dutsen kika leƙa ƙasa za ki hango rufin amyan Sinh da na Goggo Kia, kusa ƙwarai, jifa biyu. Saboda haka kada ki hau. Ni ban hau ba.

Dutsen nan shi ne rabin hanya, inda na ajiye wa Tua kalacinsa na biyu. A lokacin na ce wa kaina don inuwa na zaɓe shi.

Mataki na 6: In daro ya ƙare, ki ƙara

Safiya uku aka ce. A ta huɗu na je ɗauko darona kawai. Na same shi a bushe kamar an lashe, ƙuda sun yi baƙi a bakinsa suna jira.

Ki duba wannan da idon basira. Mai ƙoshi ba ya layi. Ki koma gida ki dama.

Haka na yi ta biyar, haka ta goma. Kullum masu ci ƙaruwa suke. Jarka ɗaya ta koma biyu. Rina ma suka samu labari, ɗaya ta harbe ni a gira, ido ya rufe. Goggo Kia ta gan ni a bakin rijiya ta ce, "Ke, wa ya mare ki?"

Na ce, "Ƙofa ce, Goggo."

Ta ce, "Ƙofar gidanki ta fi mijinki zafin nama."

Ranar Lahadi ina sauka kasuwar Meo Vac, Sinh ya cim mini a hanya yana jan ɗan alade, fuskarsa kamar an shafa mata mai.

"Matar Yaya, yaya marayunki?"

"Suna gaishe ka."

"Na leƙa jiya. Saƙarki ko rabi ba ta kai ba. Ni nawa har sun fara rufewa. Shekara goma ina kiwo a gefen nan mara rana, ban taɓa ganin irin bana ba. Abin a hannu yake, kin gane. Yaya ma ya san na fi shi hannu, faɗa ne bai yi ba."

"Ai ba ya faɗar komai."

"In share musu wuri tun yanzu, ko in jira ki gama kuka?"

Na dawo gida raina a ɓace. Na buɗe amyana, gaskiyarsa, saƙa rabi. Ina zuba musu jarka biyu kullum amma saƙa rabi. To me mai hankali za ta yi? Na sauko da buhu na uku.

Kada ki tsaya a ƙofar amyanki ki duba inda ƙudanki suke nufa in sun fita. Da na tsaya, da na ga ko kallon hanyar maƙabarta ba sa yi. Tua ya jera su ne a inda na'ana'a ta fi kauri a duk ƙauyen, fure a bakin ƙofarsu. Me za su je nema wurin daron wanka? Kallo irin wannan yana ɓata shiri, ki guje shi.

Mataki na 7: Ki je wurin ɗanɗano da wankakken zane

Aka tace na farko aka ajiye gefe, kowa a gidansa. Aka tace na biyu. Thoa ta hawo a babur cikin hazo, da rigar sanyi ja, ta zauna a tsakar gidan Goggo Kia. Rabin ƙauye ya zo kallo, har waɗanda ba su da ƙuda ko ɗaya. Sinh ya jera jarka shida. Goggo biyu. Ni biyu da rabi, na ɓoye su bayan ƙafata.

Thoa ta fara da Sinh. Ta zuba a kwalba ta ɗaga sama. Ta tsoma tsinke ta lasa. Ta jira. Ta canza jarka ta sake.

Ta ce, "Sinh, shayi zan haɗa ne?"

Ya ce, "Kamar yaya?"

"Ina koren? Ina sanyin maƙogwaro? Wannan rake ne ya bi ta cikin ƙuda. Shekara nawa ina saye a wurinka?"

"Tun ranar da fure ya fito ban sa musu ko ƙwaya ba. A tambayi matata."

"Matarka ba ta cikin jarkar."

Wani daga baya ya ce, "Ashe hannun ke nan." Aka yi dariya. Wuyan Sinh ya yi ja har kunne.

Ta Goggo Kia ma haka. Tsohuwa ta karɓi tsinken ta lasa da kanta, ta tofar.

Sai Thoa ta ce, "Ina matar marigayi?"

Na tura jarka da ƙafa. Na riga na fara tunanin wace amya Sinh zai fara ɗauka. Ta ɗaga kwalba, sai ga shi, kore-kore kamar ruwan lemun tsami. Ta lasa ta rufe ido.

Ta ce, "Ta Tua ce sak. Wannan ita ce zuma. Sinh, ka je matar yayanka ta koya maka."

A tsaye nake, amma sai lokacin na hau dutsen nan a cikin kaina na leƙa ƙasa.

Mataki na 8: Ki yi shiru

Wannan ne mataki mafi sauƙi, kuma a nan na faɗi. Ke ki yi ƙoƙari ki fi ni.

Dubi yadda abin ya tsaya. Thoa ta karɓa. Sharaɗi ya cika. Amya goma sha ɗaya naki ne. Babu wanda ya san daron sai ke da rina. Abin da ya rage kawai ki sunkuyar da kai irin na mai takaba, ki bari ƙauye ya kira Sinh mai sukari har jikokinsa.

Na sunkuyar. Ina jin Sinh yana maida murafen jarkokinsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba. Tun yana ɗan shekara tara na shigo gidansu, ni na cire masa ƙaya a ƙafa. Shi ya ɗauki gaban makarar yayansa.

Na ce, "Ni ce."

Goggo ta ce, "Ke ce me?"

"Akwai daro a bayan faffaɗan dutse, a hanyar maƙabarta. Ina yaye su ne. Irin na safiya uku."

Babu wanda ya gane da farko. Da na yi bayani, sai aka gane, kuma na fi son lokacin da ba a gane ba. Thoa ta toshe baki da hannun riga, kafaɗunta na rawa.

Sinh ya ce, "Safiya nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Sukarin Yaya?"

"Saura rabin buhu."

"Wato duk cika bakin da nake yi, daron wankanki nake yabo."

"Ka ce abin a hannu yake. Ban so in katse ka ba."

Goggo Kia ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Dutsen rabin hanya?"

Na ce, "Shi."

"Ƙudan kike kai wa?"

Na ce, "Goggo, in na tashi da safe ban san inda zan kai hannuna ba."

Ba a yi dariya ba wannan karon. Wani tsoho ya shiga neman tabarsa a aljihu. Sinh ya juya yana kallon katanga kamar yau aka gina ta.

Mataki na 9: Ki karɓi hukunci a tsaye

Na ce wa Sinh ya zo da safe ya kwashe, na riga na san ban cancanta ba.

Goggo ta ce, "Wa ya ba ki magana? Ni na ƙulla. Na ce in Thoa ta karɓa sun zauna. Thoa, kin karɓa?"

Thoa ta ce, "Na karɓa, Inna."

"To sun zauna. Ban ce in ta yi hankali ba, da na faɗi haka da babu mai amya a ƙauyen nan. Amma jarka biyu da rabin nan ba naki ba ne. Sinh biyu, ni rabi. Ke kuma ki kwashi takwas ɗin nan na rake, tun da ke kika dafa."

Na dubi Sinh. Yana da bakin da zai ce a'a, dangi za su goya masa baya. Ya daɗe yana murza murfin jarka.

Ya ce, "Ko na kai su gefena rana ba za ta bi su ba. A inda Yaya ya ajiye su suka fi." Sai ya nuna ni da yatsa. "Amma rabin buhun nan a gidana zai kwana. Da daron."

Na ce, "Da me zan yi wanka?"

Ya ce, "Wata guda da me kike yi?"

Da yamma ya zo ya ɗauki buhun. Kafin ya tafi ya bi amyan ɗaya bayan ɗaya, ya rage musu ƙofa da ɗan katako saboda iska, ya nuna mini yadda ake lulluɓe su da buhu da karan masara in raɓa ta fara daskarewa. Wannan karon na sa shi ya faɗi komai sau biyu. Duka goma sha ɗaya suka fita sanyin da ransu.

Gargaɗi

Ni Sua, matar marigayi Tua, ba ni da hannu a duk abin da zai same ki. In rina ta rufe miki ido, idonki ne. In ƙanin mijinki bai kai nawa haƙuri ba, ko goggonku ta mutu kafin ranar ɗanɗano, ko ƙudanki suka fi nawa kwaɗayi suka bi daron, kada ki hawo dutsen nan nemana. In kuwa kin hawo, ki zo da cokali, saura jarka biyar na rake, haƙorana biyu sun riga sun tafi.

Ranar daina ba ƙuda na faɗa miki ita a mataki na uku, kyauta, ke kika wuce. Iyakar ranar da na sani ke nan. Har yau dambun mutum biyu nake turarawa, kuma wannan kada ki tambaye ni yaushe ake dainawa.